Maɗacin Kamba a Ƙofar Hajiya

Zongo, Kwatano
9 ga Fabrairu

Zuwa ga Kaka Arzika, kafintan Kamba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar jika, rabi ladabi rabi tsokana. Ina fatan kana lafiya, kai da Inna Asabe da duk mutanen gida. Mu nan lafiya lau, sai zafi da gumi.

Idan ka manta ni, ni ce Nadjoua 'yar Rafiou, jikar taubashiyarka Hajiya Ikilima, wadda ta zauna a kan bencin da ka shafa wa fenti lokacin da muka zo Kamba biki. Yanzu na girma, ina aiki a wani kantin magani a Cadjèhoun. Sau uku ina kiran ka a waya, kowane karo sai ka yi ta cewa "wa ke nan?" har in gaji in kashe. Inna Asabe ta ce injin yankan katako ya cinye maka kunnuwa, amma idanunka garau suke. Shi ya sa na koma takarda. Zan ba Chérif, direban motar albasa da ke zuwa wajenku, ya kawo maka.

Maganar Hajiya ce. Gwiwoyinta sun ƙi. Likita ya ba ta sandar asibiti, ta ce ta tsofaffi ce, sai dai ta dogara da wata tsohuwar laima mai tsinin ƙarfe. Gidanmu kuma a kwari yake. Da zarar ruwa ya sauko a watan Afrilu, tsakar gida ta zama tafki ke nan har Yuli. Mu muna jera bulo mu tsallaka, ita ba ta iya takawa. Damina biyu ke nan tana kulle a ɗaki. Bara ta yi wata uku ba ta ga titi ba. Matar da ka sani, wadda mai zem, wato ɗan acaba, ba ya wucewa ta ƙofar gida ba ta jefa masa magana ba, yanzu sai ta yini tana kallon bango. Abin yana ci mini rai, kuma ba na so ta yi damina ta uku a haka.

Mun so mu cike tsakar gidan da siminti, amma ta nan ruwa ke bi ya fita kwata. Idan muka toshe, ɗakunan maƙwabta zai shiga. Sai muka yanke shawarar yin dandamalin katako a kan ƙafafun bulo, daga ƙofar ɗakinta har zaure, ruwa ya riƙa wucewa ta ƙasa, ita tana tafiya a sama.

Mun sami kafinta, sunansa Taofik, daga Agla. Ya ce mu zaɓa cikin uku. Akwai farin katako da suke kira samba, mai araha, mara nauyi. Akwai iroko, wanda ya ce ku kuna ce masa loko. Akwai kuma teck, wanda ake shukawa a nan ƙasar. Ni dai duk katako katako ne a idona.

Da na kai wa Hajiya maganar, sai ta ce: "Ba zan taka katakon da Arzika bai yarda da shi ba. Ba shi da hankali, amma ya san itace." Ta nuna mini akwatin auren da ka yi mata shekara hamsin da biyu da suka wuce. Yana nan ƙarƙashin taga, da ƙatuwar tukunyar ƙarfen nan da kullum take ajiyewa a kan murfinsa.

To ka ji. Idan ba ka yi magana ba, ko mun gama ba za ta fito ba. Saura wata biyu ruwa ya sauko. Ka taimaka ka ba da amsa kafin Chérif ya juyo.

Jikarka,
Nadjoua

Kamba
18 ga Fabrairu

Zuwa ga jikata Nadjoua,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ranar Lahadi tana warin albasa. Muna lafiya, Asabe tana gaishe ku. Ban manta ki ba. Har yau bencin yana nan da shaidar mazauninki a jikinsa. Kunnuwana kuwa lafiyarsu ƙalau, mutane ne suka daina buɗe baki idan suna magana.

Na karanta labarin Ikilima, raina bai yi daɗi ba. Yarinyar da ta taɓa kora ni har bakin kasuwa da muciya, a ce tana kallon bango. Ki gaya mata mara hankalin ya ji saƙo, kuma zai fito da ita.

Ki saurara da kyau. Farin katakon nan ki manta da shi. Na silin ne da akwatin sabulu. A waje, kafin shekara ta zagayo gara ta yi walima da shi. Loko itace ne na kirki, idan lokon gaske ne, don masu sayarwa sun iya haɗa shi da 'yan'uwansa masu kama da shi. Teck sau ɗaya na taɓa aikinsa. Yana da maiƙo a jikinsa, yana dakushe zarto, amma ruwa ba ya ratsa shi da sauri. Tsakanin waɗannan biyun, ki ɗauki wanda ya fi bushewa.

Ki je da kanki, kada ki aika. Ki ƙwanƙwasa kowane katako da bayan yatsa. Busasshe yana amsawa da ƙara, ɗanye kuwa sai ki ji dum, kamar kin bugi kabewa. Ki duba bakinsa inda aka yanka. Idan kin ga fari a gefe, ki ajiye. Wannan farin shi ne abincin gara. Jan ciki kaɗai nake so.

Yanzu ga babbar magana. A matse katakon da juna, matsewar da ko allura ba za ta shiga ba. Itace motsewa yake yi, shekara hamsin da biyar ina gani. Kin haɗa benci yau, rani ɗaya ya wuce, kin ga ya buɗe haƙora. Maigidana Lawal, Allah ya jiƙansa, ya taɓa sa ni kwance tebur guda don ya ga haske ta tsakanin katako biyu. Bayan an matse, a shafa fentin mai sau uku. Ki duba akwatin kakarki ki ga aiki. Murfinsa idan ya sauka, ko iska ba ta samun hanya.

Chérif zai sauke muku katako bakwai na maɗaci. Shekara tara suna bushewa a saman rumfata. Na ajiye su ne don in yi wa ɗakina sabuwar ƙofa, amma tsohuwar ba ta mutu ba tukuna. A shimfiɗa su daidai ƙofar Ikilima, domin idan ta fito, ƙafarta ta fara sauka a kan itacen gida.

Kakanki,
Arzika

Zongo, Kwatano
2 ga Maris

Kaka Arzika,

Gaisuwa mai yawa, da fatan jikinka da na Inna Asabe lafiya. Hajiya tana nan da sauƙi. Katako ya iso, bakwai cif. Ta sa aka shigar mata da guda har ɗaki, ta shinshina shi, ta ce warin rumfar babanka yake yi. Ranar ta ci tuwo har da ƙari. Na gode, Kaka, na ji daɗin abin nan har raina.

Ranar Asabar na hau zem na tafi Vêdoko wurin masu yankan katako, na tarar da Taofik yana jira na. Na yi ta ƙwanƙwasa katako ɗaya bayan ɗaya ina kara kunne, har ma'aikatan suka tsaya suna kallona. Ɗaya ya tambayi Taofik ko bokanya ce ya kawo musu. Irokon da muka samu duk dum yake yi, an ce bai fi wata biyu da yankewa ba. Teck ɗin kuwa yana amsawa. Shi muka ɗauka. Na ware duk mai fari a gefe, Taofik ya ce wanda ya koya mini wannan ya san aiki. Na ce kakana ne, ya ce a gaishe ka.

Daga nan ne kuka rabu. Na karanta masa takardarka, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce abu uku. Na farko, ba zai buga ƙusa ba, don iskar teku na cinye ta. Zai yi aiki da irin masu murɗawa na farin ƙarfe, waɗanda suke kira vis inox. Wannan ban ga laifinsa ba. Na biyu, ba ya son fenti. Ya ce ruwa na shiga ƙarƙashinsa ya kwanta, kuma yana santsi idan ya jiƙe, mai kawai zai shafa. Na uku shi ne babba. Ya ce ba zai matse ba. Fensir yake sakawa tsakanin katako da katako, ya ɗaure, ya zare fensirin. Ya ce a nan itace ba ya motsewa, kumbura yake yi.

Maɗacinka kuma ya yaba shi ƙwarai, ya ce rabonsa da ganin irinsa tun yana koyon aiki. Amma ya ce ya bushe da yawa ga garin nan. Yana so a jingine shi a inuwa wata guda ya sha iskar Kwatano kafin a taɓa shi.

Kuskuren da na yi shi ne, a tsakar gida muka yi maganar, tagar Hajiya a buɗe. Ta ce: "Arzika ya ce a matse." Ta rufe taga. Taofik ya riga ya kafa ƙafafun bulo, ya fara shimfiɗa daga wajen zaure. Ni ina tsakiya, ban san wanda zan bi ba. Me zan yi?

Jikarka,
Nadjoua

Kamba
11 ga Maris

Nadjoua,

Muna lafiya. A gaida Ikilima.

Na karanta takardarki sau biyu don in tabbata idona bai yaudare ni ba. Fensir? Ki buɗe ido, yarinya. Idan aka bar kaurin fensir a kowane layi, kafin a kai zaure an tsira da katako guda ko biyu. Ki tambaye shi inda za su tafi. Na san irin wannan dabara tun ba a haifi ubansa ba.

Kuma itacen da na yi shekara tara ina busarwa, shi ne za a jingine ya sha iska? Mu muna wahalar fitar da ruwa daga itace, shi yana neman mayarwa.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Ke da kanki kika rubuta cewa Ikilima da laima mai tsinin ƙarfe take dogarawa. Ranar da tsinin nan ya faɗa cikin ramin fensirinsa tana tsakiyar tafiya, wa zai tare ta? Ya yi tunanin wannan?

Teck ɗinku ku yi yadda kuka ga dama da shi, tunda kun fi ni sani. Amma maɗacina a matse shi, a shafa masa fenti, ko kuwa a ba Chérif ya dawo mini da abina.

Arzika

Zongo, Kwatano
23 ga Maris

Kaka,

Ina gaisuwa, da fatan ka huce. Duk muna lafiya.

Taofik ba ɓarawo ba ne. Ragowar katakon teck guda biyu suna nan, ya yi wa Hajiya abin riƙewa da su a gefen dandamali. Ban karanta masa wannan ɓangaren na takardarka ba. Na karanta masa maganar laima kawai. Ya ce wallahi bai yi tunaninta ba, tsohon yana da gaskiya a nan. Mun roƙi Hajiya ta koma sandar asibiti, ta ce mu biyun mu riƙe.

Na raba muku gardama kamar yadda ka faɗa. Daga zaure zuwa tsakiya teck ne, da tazarar fensir, an shafa mai. Daga nan zuwa ƙofar Hajiya maɗacinka ne. Wurin tsakanin bango biyu yake, katako bakwai ɗin suka cike shi daidai kamar an auna. Taofik ya matse su da hannunsa, ya shafa jan fenti sau uku. Na gwada allura, ba ta shiga ba. Da ya gama ya ce: "Na yi yadda babba ya ce. Idan wani abu ya faru, ki kira ni, ko ranar Juma'a ce."

Jiya Hajiya ta fito. Ta tsaya a kan itacenka, ta buga shi da laima, ta ce a kawo kujera. Ta zauna tun hantsi har azahar. Sai dai ba ta wuce jan fentin ba. Inda teck ya fara, nan ta ja layi, ta ce ba ta taka tsani a kwance. Daga inda take zama ba a ganin titi, sai bangon makewayi. Duk da haka na yi murna, rabi ya samu.

Hadari ya fara haɗuwa ta wajen teku. Ka rubuto mini ko layi biyu ne, in san ba ka yi fushi da ni ba.

Jikarka,
Nadjoua

Kamba
6 ga Afrilu

Jikata Nadjoua,

Sallama da gaisuwa. Lafiyarmu ƙalau. Ban yi fushi da ke ba. Ki karanta wannan a tsaye, kada ki zauna, sannan ki tafi neman Taofik.

Bayan na aika miki takardar faɗan nan, na yi kwanaki ina ba kowa labarin kafintan Kwatano da fensirinsa. Ran nan ina cikin maimaitawa a gida, sai Asabe ta ce, da ƙarfi yadda zan ji: "Kai da ƙofar ɗakinka ke ƙin rufuwa duk watan Agusta, sai ka sa kafaɗa, kai ne kake kiran wani ɓarawo?" Na ce wannan daban. Ta ce da me ya bambanta? Sai na fita.

Akwai guntun maɗacin nan da ya rage a rumfa. Na aza shi a kan takarda na zana faɗinsa. Na naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu, na tura ƙarƙashin randa, kullum ina yayyafa ruwa. Yau kwana goma sha biyu na ciro shi na mayar kan zanen. Ya wuce layi da kaurin tsinken ashana biyu. Katako ɗaya ke nan. Ku kuna da bakwai, tsakanin bango biyu, ba su da wurin zuwa sai sama.

Mu a nan damina wata uku ce, sauran wata tara rana na tsotse itace, shi ya sa duk rayuwata motsewa na sani. Ku kuwa a cikin buhun nan kuke zaune shekara da shekaru. Yaron ya fi ni gaskiya. Ki gaya masa haka da bakina, kada ki rage komai. Ya kwance katakon, ya rage gefensu, ya sa fensirinsa. Fentin ma ya kankare.

Amma maganar laima ina nan a kanta. Ga sanda na sassaƙa da ƙirya, Chérif zai ba ki. Na yi mata gindi mai faɗi kamar kofaton jaki, na liƙa masa robar taya. Ba ramin da za ta shiga. Ki ce wa Ikilima ba ta tsofaffi ba ce, ta masu faɗa ce.

Ku yi sauri kafin ruwa.

Kakanki,
Arzika

Zongo, Kwatano
4 ga Mayu

Kaka Arzika, angon tsofaffi,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, har da wadda ka kulle. Takardarka ta shida ga Afrilu sai shekaranjiya ta iso. Motar Chérif ta lalace a Parakou, ya yi sati uku yana jiran kayan gyara, albasa ta tsiro a buhu, takardarka da sandarka suna bayan kujera. Ni kuwa a nan ina ta cewa Kaka ya yi fushi ya daina kula ni. Har kuka na yi ran nan a wurin aiki.

Bari in ba ka labari daga farko. Ruwa ya sauko ran goma sha biyu ga Afrilu, ya yi kwana huɗu yana zuba yana tsayawa. Tsakar gida ta cika, ruwa na wucewa ƙarƙashin dandamali kamar yadda muka so. Na lura jan fentin ya fara tsagewa, ban kawo komai a raina ba. Ranar Alhamis da safe na kawo wa Hajiya koko, sai na ga katako biyu na bakin ƙofarta sun tashi sun haɗa kai kamar rufin bukka. Ka san ƙofarta ta ƙarfe ce, waje take buɗewa. Na ja, ta ƙi. Hajiya ta tura daga ciki, ta ƙi. Dandamalin da muka yi don ta fito, shi ya rufe ta.

Na zaga ta taga ina cewa Hajiya ki yi haƙuri, yanzu za a buɗe. Ta leƙo ta ga katakon. Sai na ji wani sauti, na ɗauka kuka take. Dariya ce, Kaka. Ta riƙe ƙarfen taga tana dariya har hawaye. Ta ce: "Tun muna yara yake cewa sai ya kulle ni ya huta da bakina. Sai da ya tsufa ya samu, daga Kamba ma." Matan gida suka taru, ta yi ta ba su labarinka ta taga, har da ranar muciya. Kokon ma ta taga na miƙa mata. Shekara biyu rabon da in ji muryarta haka.

Taofik ya iso kafin azahar. Bai ce "na faɗa" ba, ko da ido. Ya kwance katakon, ya rage gefen kowanne, ya kankare fentin, ya jingine su kwana goma, ya mayar da fensirinsa. Ya ce itacen bai yi komai ba, ƙishirwar shekara tara ya kashe. Yanzu da aka shafa masa mai, ja yake har yana ɗaukar ido, ya fi teck ɗin kyau nesa ba kusa ba.

Sai dai bayan gyaran, Hajiya ta ƙi fitowa gaba ɗaya, tunda yanzu ko'ina tazara ce, kuma ba ta ji daga bakinka ba. Muna cikin wannan Chérif ya yi sallama. Na karanta musu takardarka ita da Taofik, ban rage komai ba. Da na zo wurin "yaron ya fi ni gaskiya", Taofik ya sunkuyar da kai, ya ce yana so wata rana ya ga hannun da ya sassaƙa sandar nan. Hajiya ta juya ta, ta duba gindin, ta ce mummuna ce kamar mai ita. Ta jingine laimar a bayan ƙofa.

Jiya da la'asar ana yayyafi ta fito. Ta taka maɗaci, ta tsaya a bakin teck, ta leƙa ta tsakanin katako tana kallon ruwa na gudu a ƙarƙashin ƙafarta. Sannan ta wuce. Taku goma sha tara, na ƙirga, har zaure. Ta zauna, ta ga titi. Mai zem na farko da ya wuce, ta ce masa hularsa ta fi kansa girma. Na koma ciki na yi kukana na murna, don kada ta gani ta haɗa da ni.

Yanzu ga saƙonta, ta ce in rubuta yadda ta faɗa:

"Arzika, na taka, na gode. Tunda ka iya cewa wani ya fi ka gaskiya, bari ni ma in faɗi tawa. Akwatin da ka yi mini, tun daminar farko da aka kawo ni Kwatano murfinsa bai sake rufuwa ba. Shi ya sa nake ɗora tukunya. Na ɗauka taurin kan mai shi ya ɗauko. Duk zuwan da na yi gida kana tambaya ta akwati, ina cewa lafiya lau, don na ga yadda ka yi wata biyu kana aikinsa, ba ka karɓi ko sisi ba."

Na ɗaga tukunyar na gani, Kaka. Murfin ya tashi, yatsana biyu suna shiga. Taofik ya ce aikin rabin awa ne. In ba shi?

Jikarka mai ƙaunarka,
Nadjoua

Kamba
13 ga Mayu

Jikata Nadjoua,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, mu ma hadari ya fara leƙo mu. Asabe ta sa na karanta mata labarin ƙofa sau uku, yanzu duk unguwa an sani, ba ni da sauran mutunci a Kamba. Taku goma sha tara ɗin nan kuwa, na ji daɗinsu fiye da duk wani aiki da na taɓa yi.

Saƙon Ikilima ban karanta wa kowa ba. Shekara hamsin da biyu ina yi wa mutane alfahari da murfin nan, ita kuma tana can tana ɗaga tukunya tana saukewa don kada in ji kunya. Na zauna a rumfa na daɗe, idona ya kawo ruwa, ba zan ɓoye miki ba.

Ki gaida Taofik, ki ce ina girmama aikinsa, amma kada ya taɓa akwatin. Ni na yi, ni zan gyara. Chérif zai taso ranar Laraba, ya ce akwai wuri a gaba. Na riga na ɗaure kayan aikina. Ki ce wa Taofik ya zo ranar, ya riƙo mini fensirinsa. Ikilima kuma ta bar tukunyar inda take, ina so in sauke ta da hannuna.

Kakanki,
Arzika